Daren da Ƙarfe Biyu da Rabi Ta Zo Sau Biyu

Daren Asabar wayewar Lahadi, 29 ga Oktoba 2023, da ƙarfe uku ta cika a Jamus sai aka mayar da agogo baya zuwa ƙarfe biyu. Haka suke yi duk shekara a Lahadi ta ƙarshe ta Oktoba, kamar yadda suke tura shi gaba da awa ɗaya a Lahadi ta ƙarshe ta Maris. Yawancin mutanen Berlin barcinsu suka ƙara. A cikin awar nan da ta maimaita kanta ne wata manhaja da na yi shekara biyu ina kula da ita ta tashi ta yi aikinta sau biyu, ta shirya a cire wa kwastomomin kamfaninmu kuɗi ninki biyu daga asusunsu. Ni kuwa a lokacin ina zagaye falo da jaririya 'yar kwana goma sha biyar a kafaɗa, ban ma san ƙarfe nawa ba ne.

Kuɗin kowa bai fita ba, Allah Ya kiyaye. Amma al'amarin ya daɗe yana cina, domin gyaransa aikin kwana biyu ne, kuma na san da matsalar wata 19 kafin wannan dare. Zan kawo shi tiryan-tiryan, da abin da ya faru a ofis da wanda ya faru a gida, don a wurina ba su rabu ba.

Abin da manhajar ke yi

Na zo Berlin daga Zariya a watan Satumba 2021 da takardar zama ta ma'aikata da ake kira Blue Card. Kamfanin matsakaici ne, yana sayar da hidimar da ake biya wata-wata, ni kuma aka sa ni a ɓangaren karɓar kuɗi. A nan kwastoma yakan ba kamfani izini a rubuce ya riƙa ciro kuɗi kai tsaye daga asusunsa, ƙarƙashin tsarin bankunan Turai da ake kira SEPA. Kowane dare manhajar takan farka a lokacin da aka tsara mata, ta leƙa rumbun bayanai, ta tattaro duk wanda ranar biyansa ta zo, ta aika masa imel na sanarwa, sannan ta haɗa fayil ɗin da za a tura banki. Da safe wata ma'aikaciya a sashen kuɗi takan duba jimla, in ta gamsu ta amince, fayil ya tafi. Bankuna ba sa taɓa irin wannan a ranakun Asabar da Lahadi, saboda haka na ƙarshen mako yakan jira Litinin.

Rauninta ɗaya ne, kuma tun kafin zuwana take da shi: kwanan wata kawai take dubawa. Ba ta tambayar ko an riga an ɗauki wannan mutumin yau. In ta tashi sau biyu a rana ɗaya, kowa zai fito sau biyu. In kuma ba ta tashi ba, mutanen wannan ranar sun wuce ke nan, gobe na gobe za ta ɗauka. Muddin tana tashi sau ɗaya a dare, babu wanda zai san da raunin.

Da ƙarfe huɗu na asuba take tashi lokacin da na zo. Sai dai a daidai lokacin ne ake kwafe rumbun bayanai don ajiya, ayyukan biyu suna gogayya, wani lokaci har gari ya waye ba ta gama ba. A watan Fabrairu 2022 na mayar da ita ƙarfe biyu da rabi, agogon Berlin. Layi ɗaya na canza, abokin aikina ya duba ya amince, kowa ya yaba. Ni ɗan ƙasar da agogo ba ya motsi ne. A Najeriya ƙarfe biyu da rabi tana zuwa sau ɗaya kowane dare tun da aka haife ni. Na san ana canza agogo a Turai, na karanta a kai, har na ga an yi a Oktoban shekarar da na zo, amma sanin bai kai hannuna ba lokacin da nake zaɓen lokaci.

Ranar 27 ga Maris 2022 agogo ya yi tsalle daga ƙarfe biyu zuwa uku. Biyu da rabi ba ta zo ba sam. Ran Litinin ma'aikaciyar sashen kuɗi ta tambaya ina fayil ɗin Lahadi. Cikin minti goma na gano dalili, na tayar da manhajar da hannu, na rubuta matsalar a jerin ayyukan da ke jiran gyara, na sa wa kaina tunatarwa a wayata, ta kaina, ba ta ofis ba. Da 30 ga Oktoba 2022 ta gabato, na dakatar da jadawalin tun daren Asabar, da safe na tayar da ita sau ɗaya da hannu. Haka na yi a 26 ga Maris 2023. Sau uku ke nan, babu abin da ya lalace, babu wanda ya sake jin labari.

A gefe guda, su kansu Turawan sun gaji da wannan canjin. Jamus ta dawo da shi a 1980. A 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta nemi jin ra'ayin jama'a, mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin ɗari suka ce a daina, majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'ar dainawa a Maris 2019, amma gwamnatocin ƙasashen ba su daidaita ba, aka ci gaba. Na taɓa kama kaina ina cewa ai ƙila su soke shi kafin in zo kan gyaran. Mai neman uzuri ba ya rasa inda zai jingina.

Takardar miƙa aiki

Likita ta ba matata 6 ga Nuwamba 2023 a matsayin ranar da ake sa ran haihuwa. Dokar Jamus ta ba kowane uba da kowace uwa damar hutun reno, wanda suke kira Elternzeit, har shekara uku a kan kowane yaro, ba tare da an kore su daga aiki ba. Sharaɗin shi ne a sanar da wurin aiki a rubuce mako bakwai kafin a fara. Kamfani ba ya biyan albashi a lokacin, gwamnati ce ke ba da kuɗin reno, kusan kashi 65 cikin ɗari na abin da mutum ke tafiya da shi gida, amma ba ya wuce yuro 1,800 a wata, ba ya gaza 300. Wata 12 ne, ya zama 14 idan iyayen biyu duk sun ɗauka, kowa aƙalla wata biyu. Na nemi wata biyu daga ranar haihuwa. Da na gaya wa yayana a waya sai ya yi shiru, can ya ce, "Wata biyu? Kai ne za ka yi jegon?" Ba da raini ya faɗa ba. Shi ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, kuma kwana 14 da aka amince wa maza a 2021 ma gani yake ya yi yawa, tunda a gida mai jego tana da uwa da gwaggo da inna da maƙwabta.

Na zauna na rubuta takardar miƙa aiki ga wadda za ta riƙe min, wata matashiya da ta shigo kamfanin wata takwas kafin nan. Takardar ta haura shafi talatin. Na zana yadda bayanai ke tafiya daga wannan sashe zuwa wancan, na yi bayanin kowane tebur a rumbun, na jero saƙonnin kuskure da banki kan dawo da su da ma'anar kowanne. Na yi alfahari da ita, har yanzu ma ina ganin ta yi kyau a abin da ta ƙunsa. Amma fasalin manhajar ta bayyana. Ba ta faɗi abin da ni nake yi mata da hannuna a tsawon shekara ba. Babu kalma ɗaya a kan agogo.

A lissafina, ina ofis har 3 ga Nuwamba, saboda haka daren 29 ga Oktoba nawa ne. Kafin Maris kuwa na dawo. Mun kuma sa ranakun zama biyu ni da ita a makon ƙarshe na Oktoba don mu bi aikin tare.

Naƙuda ta zo ranar Asabar 14 ga Oktoba, mako uku kafin lokaci. Ran Litinin na aika saƙo layi biyu zuwa ofis, na cire Slack, manhajar saƙonnin ofis, daga wayata. Zaman nan biyu ba a yi su ba.

Jego babu Hajiya

Da a gida ne, haihuwar fari a gaban uwa ake yinta, ko a tafi wankan gida. Mun so Hajiya, mahaifiyar matata, ta zo. Bizar ziyara tana ba da kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma sai mai gayyata ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi. Mun makara wajen fara neman, muna ganin akwai lokaci, haihuwa kuma ta riga mu. Mu biyu muka dawo daga asibiti da jaririya a kujerar mota, muka hau bene hawa uku, muka rufe ƙofa. Ban taɓa jin shirun gida ya yi min nauyi kamar ranar ba. A Zariya da tuni tsakar gida ta cika da 'yan barka, an ɗora tukunyar ruwan wanka, wata tana dakan yaji, wata tana dama kunu.

A gidanmu ba a kama sunan 'yar fari, don haka ba zan kama ba a nan. Mahaifina ban taɓa ganin ya ɗauki yayana a gaban mutane ba. Ni kuwa tun a ɗakin haihuwa aka ce in cire riga, aka ɗora min ita a ƙirji. Kunyar tana nan a jikina, sai dai babu wanda zan miƙa wa.

Asibiti ne ya sanar da ofishin rajista haihuwar, doka kuma ta ba da wata guda a kai suna, saboda haka muka jira ranar suna kamar yadda ya kamata. Ran Asabar 21 ga wata aka yanka rago a Zariya, aka raɗa suna muna kallo ta waya, hoton yana yankewa yana dawowa. Mu nan muka soya naman da na sayo a shagon halal, muka kai wa maƙwabta biyu.

Daga nan gidanmu ya koma ƙarƙashin malamai biyu. Ta farko ungozoma ce Bajamushiya da inshorar lafiya ke biya, tana zuwa gida kusan kullum a kwanakin farko, ta auna jaririya a wani zane da take ratayawa a ma'auni, ta duba cibiya, ta duba mai jego. Ta biyu Hajiya ce, ta saƙon murya a WhatsApp, kowace safiya bayan ta idar da lazimi. Wani saƙon minti tara ne. Ba koyaushe suke haɗuwa ba. Hajiya ta ce a gasa cibiya, ungozoma ta ce a bar ta a bushe kada a taɓa. Hajiya ta ce a yi wa yarinya wanka safe da yamma, ungozoma ta ce a jira cibiya ta faɗi. A kan kunun kanwa matata da kanta ta yanke hukunci. Ta san binciken da likitoci suka yi a Zariya tun shekarun 1970, wanda ya danganta yawan shan kanwa da kwanciya a gado mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ta ce da mahaifiyarta, "Mama, kunun zan sha, amma ban da kanwa." Hajiya ta yi shiru na kwana ɗaya, sannan ta turo yadda ake kunun gyaɗa. Wankan ruwan zafi kuwa ba ta bari ba. Ni ke dafa ruwan a butar lantarki da manyan tukwane biyu, in juye a baho, ba darbejiya ba tsamiya, sai tawul.

Na sayi littafi mai bangon kwali don rubuta lokutan shayarwa da canjin famfas, saboda ungozoma na tambaya. Da na ga saƙonnin Hajiya suna yawa har ba ma iya gano wanne ta yi maganar me, sai na fara kwafe su a bayan littafin, da Hausa, yadda ta faɗa. Shekara biyu ke nan ban rubuta sakin layi ɗaya da Hausa ba sai gaisuwa a waya. Duk rubutuna na aiki ne, da Turanci. Hannuna har ya manta da lanƙwasar ƙ da ɗ.

Ranar da cibiya ta faɗi ungozoma ta ce yau wanka, kuma ni zan yi. Na riga na haddace saƙon Hajiya a kan wanka. Na tara ruwa, na auna zafinsa, ma'auni ya nuna 37. Ungozoma ta tsaya a gefen baho ta mayar da hannayenta baya ta haɗe su. Na ɗauko yarinya, na tsaya, don ban san yadda zan riƙe ta da hannu ɗaya in yi wanka da ɗayan ba. Hajiya ta faɗi komai, daga sabulu har mai har addu'a, amma ba ta faɗi wannan ba. Ungozoma ta bari na gwada, kan yarinya ya langaɓe baya, sannan ta ce in sa wuyanta a kan tsintsiyar hannuna, yatsuna su zagaye damtsenta na can nesa. Da na gama na ɗago ta tana ɗigar ruwa tana tsala kuka, sai ta ce, "Ina tawul?" Yana can ɗaki a kan gado. Ta ce ta daina yi wa iyaye bayani tun farko, domin rabin abin da take yi ba ta san tana yinsa ba sai ta ga wani ya kasa. Da dare na tambayi Hajiya yadda ake riƙon, ta ce, "Ikon Allah, ai wannan kowa ya sani."

Daren

Ƙarfe goma na daren Asabar 28 ga Oktoba wayata ta yi ƙara a kan teburin kicin. Ina riƙe da tukunyar ruwan zafi da tsumma. Na ajiye, na duba: "Dakatar da jadawali, agogo zai koma." Na karanta, na fahimta sarai. Na ce bari in kai ruwan nan kada ya huce, in dawo in tura wa wadda ta riƙe min aiki saƙo. Kafin in fito daga banɗaki yarinya ta tashi. Daren nan ciwon ciki ya hana ta barci, muka yi ta karɓa-karɓa ni da uwarta har asuba. Tunatarwar da na share da babban yatsa ba ta sake dawowa ba, kuma a duk duniya wayata ce kaɗai take ɗauke da ita.

Biyu da rabi ta farko, manhaja ta tashi, ta tattaro mutanen ranar, ta aika imel, ta haɗa fayil. Ƙarfe uku agogo ya koma biyu. Biyu da rabi ta biyu, ta sake yin duka. Babu ƙararrawar da ta kaɗa, domin a idon na'urar sa ido ayyukan biyu duk sun kammala lafiya. Mai zaman ko-ta-kwana na wannan makon ya yi barcinsa, kuma ba shi da laifi.

Ran Lahadi kwastomomi suka tashi da sanarwa biyu iri ɗaya, wasu suka fara rubuto ƙorafi, babu kowa a ofis. Ran Litinin da sassafe ma'aikaciyar sashen kuɗi ta ga fayil biyu na rana ɗaya, jimlarsu ɗaya har ƙwandala. Ta ƙi amincewa da ko ɗaya, ta kira abokiyar aikina. Ma'aikaciyar sashen kuɗin nan ce ta tsare mu. Da fayilolin sun tafi, kwastoma yana da mako takwas a tsarin SEPA ya sa bankinsa ya dawo masa da kuɗi ba tare da ya ba da dalili ba, kuma kowace dawowa da cajinta a kan kamfani, ban da amanar da ta zube.

Abokiyar aikina ta yi awa biyu tana bin takardata shafi-shafi. Ta gano an tashi sau biyu, ta gano dalili, amma ta kasa yarda cewa wannan ne karo na farko, tunda an canza agogo sau uku bayan an sa biyu da rabi. Tana tsoron akwai wani kariya da aka gina wanda ya lalace, in ta goge fayil ɗaya wani abu zai biyo baya. Ƙarfe goma ta kira ni. Ta fara da ba da haƙuri sau uku, don a nan kiran mai hutun reno abin kunya ne. Na ce mata babu wani kariya, ni ne kariyar. Ta yi shiru. Minti ashirin muka yi, ta goge fayil na biyu, aka tura na farko da rana, sashen kula da kwastomomi ya aika saƙon ban haƙuri.

Da na ajiye waya matata tana zaune a bakin gado tana shayarwa. Ta ji komai. Ta ce, "Malam, da ma ka san zai faru?" Na ce na sani. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Zaman bita, da abin da ban faɗa a can ba

Kamfaninmu yana bin al'adar bitar matsala ba tare da neman mai laifi ba, wadda John Allspaw na kamfanin Etsy ya yaɗa da wani rubutu a 2012. Hikimar ita ce in mutane suna tsoron hukunci za su ɓoye abin da suka yi, a rasa gano inda tsarin ya yi rauni. Sun yi zaman ba ni, na karanta rahoton da na dawo a tsakiyar Disamba. Rahoto ne mai adalci. Ya ce an bar aiki mai maimaituwa a hannun mutum ɗaya, an bar gyara yana jira wata 19, kuma na'urar sa ido tana duba ko aiki ya gama ne kawai, ba ta duba ko abin da ya fitar yana da ma'ana.

Kafin in dawo abokiyar aikina ta riga ta gyara. Ta mayar da jadawalin kan agogon UTC, wanda ba ya gaba ba ya baya. Ta sa wa rumbun bayanai ƙa'idar cewa kwastoma ɗaya ba zai shiga sau biyu a kan wata ɗaya ba, ko manhaja ta tashi sau goma. Ta sa ta riƙa ɗaukar duk wanda lokacinsa ya yi ba a ɗauke shi ba, ko na jiya ne. Ta ƙara ƙararrawa idan jimlar dare ta yi nisa da yadda aka saba. Kwana biyu ya ɗauke ta. A ganina na biyun ne gyaran gaskiya, domin canjin agogo hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyin da aiki kan tashi sau biyu.

Rahoton bai tambayi dalilin da ya sa ni, da nake iya wannan gyaran, ban yi ba. Tsarin bitar ma ba a gina shi don ya tambaya ba. Ni na tambayi kaina, a dararen da nake zagaye falo.

Wani ɓangaren irin na Hajiya ne. Abin da hannu ya saba, ido ba ya ganinsa a matsayin ilimi. Da nake rubuta shafi talatin ɗin nan ban ɓoye maganar agogo da gangan ba, ba ta zo min a jerin abubuwan da ake koyarwa ba ne.

Ɗaya ɓangaren ya fi wuyar faɗa. Zamana a ƙasar nan a kan aikin nan ya rataya. A dokar wancan lokacin mai Blue Card sai ya yi wata 33 yana aiki kafin ya sami zaman dindindin, ko wata 21 idan Jamusancinsa ya kai wani mataki, kuma a shekara biyun farko ko canza wurin aiki sai da izinin hukuma. A daidai wannan tsakanin ne aka shiga sallamar ma'aikata a harkarmu: Meta ta sallami 11,000 a Nuwamba 2022, a Janairu 2023 Google ta sanar da 12,000, Microsoft 10,000. Guguwar ta iso Berlin. Na san mutanen da aka sallama ran Talata, ran Laraba suna lissafin kwanakin da suka rage musu a ƙasar. Bajamushen da ke kusa da teburina in an sallame shi aiki ya rasa. Ni in an sallame ni, da aiki da gida da makarantar matata da asibitin da za ta haihu duk sun shiga ruwa, ga waɗanda ke jiran saƙo ƙarshen wata a Zariya. A cikin wannan hali, duk abin da ni kaɗai na iya a ofis yana kwantar min da hankali. Ban taɓa zama na ƙudurta cewa zan bar matsalar don a riƙa bukatata ba. Amma duk ranar da ake zaɓen ayyukan mako biyu masu zuwa, wannan gyaran yana cikin jeri, kuma ban taɓa ɗaga murya a kansa ba, alhali na ɗaga a kan waɗanda ba su kai shi ba. Ina ganin baƙi da yawa a wannan sana'a suna ɗauke da irin wannan, kuma kamfanonin da ke ɗaukarmu ba su san cewa tsoron da ke cikin takardar zama yana shiga har cikin manhajarsu ba.

Lissafin ma bai fita ba. Abin da na riƙe don ya tsare ni shi ya biyo ni har ɗakin mai jego, ya kuma jefa abokiyar aikina da ta amince da takardata cikin awa biyu na fargaba a gaban shugabanni.

Bayan na dawo

A makon farko na roƙi abokiyar aikina ta ci gaba da riƙe aikin har ƙarshen wata, ni in zauna a gefenta. Na ce ba zan taɓa kwamfuta ba, ba zan yi magana ba sai ta tsaya. Na zo da littafi. A rufe lissafin Disamba ta tsaya sau huɗu. Akwai wani banki da ke dawo da amsa a makare, ni na san a jira shi zuwa azahar. Akwai rahoton da nake gyara wa kwanan wata da hannu kafin in tura wa akanta. Akwai kalmar sirri da ke ƙarewa duk wata uku, tunatarwarta ma a wayata take. Ko ɗaya babu a shafi talatin ɗin. Muka rubuta su, biyu muka kashe su gaba ɗaya da gyara, tunatarwar ta koma kalandar da kowa ke gani. Takardar da muke amfani da ita yanzu ta fara ne da shafin watanni goma sha biyu, kowane wata da abin da ke faruwa a cikinsa.

Ranar 31 ga Maris 2024 agogo ya sake tsalle, cikin azumi. Na tashi sahur na ga lokaci ya matse da awa ɗaya, na ɗumama shinkafa, na tashi matata. Sai da rana ta fito na tuna wane dare ne.

Hajiya ta iso a watan Mayu, yarinya tana da wata bakwai. Kwana biyu da zuwanta matata ta ɗauko littafin nan mai bangon kwali tana karanta mata maganganunta. Hajiya tana dariya tana rufe baki da mayafi, wani wurin ta ce a ƙara kaza, wani wurin ta ce ba haka take nufi ba. Da aka zo shafin goyo, inda na rubuta yadda ake ɗaura zani da majanyi, ta ce a sake karantawa. Aka sake. Ta girgiza kai, ta miƙe, ta ce da 'yarta ta sunkuya. Ta ɗora mata yarinya a baya, ta ja zanin, kafin ta ɗaure sai ta sa tafin hannu ƙarƙashin yarinyar ta ɗan cilla ta sama sau ɗaya, ta buɗe mata ƙafafu a kan ƙugu. Ina tsaye a bakin ƙofa da biro. Na ce, "Hajiya, ku ɗan sake yi a hankali." Ta waiwayo ta ce, "Me na yi?"